Birnin Meziko ga baƙon da ya taso daga Yamai

Tambayar da ƴan uwa suka fi yi mini game da birnin Meziko ita ce ta tsaro, domin labarin da ke iso mana daga wannan ƙasa bai cika wuce na masu fataucin ƙwaya da bindigoginsu ba. Akwai unguwannin da baƙo ba ya shiga da dare, kuma akwai ƴan sane a duk inda jama'a suka cunkushe, amma a ganina abin da ke gajiyar da baƙo na gaskiya shi ne girman birnin. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutum fiye da miliyan 9 a cikin iyakar birnin kansa, idan kuma aka haɗa da garuruwan da suka manne masa adadin ya haura miliyan 21, wato bai yi nisa sosai da yawan al'ummar Nijar gaba ɗaya ba. Wanda ya saba da tsayar da taksi a bakin hanya ya faɗi unguwa ya shiga, dole ne ya ajiye wannan ɗabi'a, ya koyi tafiya da layin jirgi da lissafin lokaci kamar yadda mutanen garin suke yi.

Kafin a kai ga wannan, akwai maganar takardu. Meziko ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, ofishinta da ke Abuja ne ke kula da Nijar, don haka neman biza kaɗai tafiya ce mai cin kuɗi. Sai dai dokarsu ta yi sassauci ga wanda yake riƙe da biza mai aiki ta Amurka, ko Kanada, ko Japan, ko Ingila, ko ta ƙasashen Turai masu yarjejeniyar Schengen: irin wannan matafiyi yana iya shiga a matsayin baƙo ba tare da bizar Meziko ba. Ya kamata mutum ya tabbatar da matsayin takardarsa kafin ya biya kuɗin jirgi, saboda ma'aikatan kamfanin jirgi ne ke fara dubawa tun a nan gida, kuma idan ba su gamsu ba jaka ba za ta hau ba.

Babu jirgin da ke tashi daga filin Diori Hamani ya sauka Meziko kai tsaye. Hanyar da ta fi sauƙin takarda ita ce ta Istambul, inda Turkish Airlines ke da jirgi zuwa birnin Meziko tun shekarar 2019, tafiyar da ke cin fiye da awa 14 a sama ba sauka. Akwai kuma hanyar Kazablanka zuwa Madrid, daga nan a tsallaka teku, amma wannan tana buƙatar a duba sharaɗin ratsawa ta Turai. Tikitin da ya bi ta Amurka yakan fito da araha a intanet, kuma tarko ne ga wanda ba shi da bizar can, domin Amurka ba ta yarda a ratsa filin jirginta ba tare da biza ba, ko da mutum ba zai fita ƙofa ba. Wanda zai taso daga Tawa sai ya ƙara da kwana ɗaya na mota, ya kuma kwana Yamai ya huta, don ba a ɗora irin wannan zama a kan gajiyar hanyar Ƙonni da Dogonduci.

A wurin jami'an shige da fice, mai fasfon Afirka ya shirya wa tambayoyi. Meziko hanya ce ta masu neman tsallakawa Amurka, shi ya sa ake son ganin tikitin komawa, da shaidar masauki, da takardar gayyata idan taro ne ya kawo mutum. Gara a buga su duka a takarda a riƙe a hannu, maimakon a tsaya ana laluben waya da ba ta kama layi ba. Doka ta ba baƙo har kwana 180, amma jami'in da ke gabanka ne ke rubuta adadin da ya ba ka, kuma wajibi ne ka duba abin da ya rubuta kafin ka bar wurin.

Yawancin jiragen nesa suna sauka a filin Benito Juárez, wanda gidaje suka kewaye shi ta kowane ɓangare, har mai kallo ta taga yakan ɗauka a kan rufin mutane za a dire. Akwai sabon fili, Felipe Ángeles, da aka buɗe a shekarar 2022 can arewa, kusan kilomita 50 daga tsakiyar gari, don haka mai sayen tikitin wani gari a cikin ƙasar ya duba da kyau daga wanne filin jirginsa zai tashi. Ga mai manyan jakunkuna a ranar farko, shawarata ita ce taksi mai izini: ana biya a wani kanti cikin ginin gwargwadon yankin da za a je, a karɓi takarda, a miƙa wa mai tsaron layi a waje. Duk wanda ya tare ka a ƙofa yana cewa yana da mota, ka gode masa ka wuce. Mai ƙaramar jaka kuma yana iya shiga layi na 4 na Metrobús, jajayen bas na hukumar birni, wanda ke kai wa tsakiyar gari a kan peso 30. Sefa ba ta canzuwa a can, sai a tafi da yuro ko dalar Amurka. Peso ɗaya yana kusa da sefa 30, kuma alamar da suke rubuta shi da ita iri ɗaya ce da ta dala, abin da kan firgita baƙo a gaban allon farashi a banza. Kan cajar wayarmu mai ƙafa zagaye ma ba ya shiga bangonsu, irin na Amurka suke amfani da shi.

Daga nan sai jiki ya fara magana. Birnin yana kan tsayin mita 2,240 daga teku, alhali Yamai ba ta wuce mita 200 da ɗoriya ba, kuma tsakanin agogonmu da nasu akwai bambancin awa 7. A kwanakin farko hawan matakala ashirin yana sa mutum haki, kai yana sarawa, barci yana zuwa da azahar ya gudu da tsakar dare. Maganinsa shan ruwa da yawa da rage gaggawa. Abin mamaki shi ne idan aka ja layi a taswira daga gabas zuwa yamma, birnin yana kusan daidai da Arlit, amma saboda tsayin nan safiyarsa tana da sanyi duk shekara, a watan Disamba da Janairu kuma sai da rigar sanyi mai kauri. Daminarsu tana faɗuwa tare da tamu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan yana da lokacinsa: safiya garau, da la'asar hadari ya haɗo ya zuba. Wanda ya san haka sai ya sa tafiyar ƙafa da safe, domin da zarar ruwa ya sauka tituna suna tsayawa cik.

Zaɓen masauki shi ne rabin tafiyar. Otal mai araha a unguwar da ba ta kusa da tasha yana karɓe abin da ya rage maka ta hanyar awanni a cikin mota. Tsohon gari, da unguwannin Juárez, Roma da Condesa, da gefen babban titin Reforma, duk suna da tasha a nisan tafiyar ƙafa. A can ba a tambayar kilomita nawa ne, ana tambayar ƙarfe nawa za ka fita, saboda tazarar da mota ke yi cikin minti 20 ranar Lahadi tana iya cin awa ɗaya da rabi ranar Juma'a da yamma. Hukuma ta daɗe tana fama da wannan, tun shekarar 1989 akwai dokar da ke hana motoci fita rana ɗaya a mako gwargwadon lambarsu don rage hayaƙi, amma cunkoson yana nan. Hayar mota don tuƙa kai kuwa, ban ga dalilin da zai sa baƙo ya jawo wa kansa wannan wahala ba.

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ne ƙashin bayan garin. An buɗe shi a shekarar 1969 da taimakon injiniyoyin Faransa, shi ya sa yawancin jiragen suke gudu a kan tayoyin roba irin na wasu layukan Paris. Yau yana da layi 12 da tasha 195, kuma kuɗin shiga peso 5 ne, kimanin sefa 150, ko ina za ka, ko sau nawa za ka canza layi, muddin ba ka fito waje ba. Ana sayen kati guda a kan peso 15 a zuba masa kuɗi, kuma katin nan yana aiki a Metro, da Metrobús, da sauran motocin hukumar birni. Yana buɗewa ƙarfe 5 na safe a ranakun aiki, ƙarfe 6 ranar Asabar, ƙarfe 7 ranar Lahadi, ya rufe tsakar dare.

Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne kowace tasha tana da hotonta. Lokacin da aka gina shi mutane da yawa ba su iya karatu ba, sai aka ba wani mai zane ɗan Amurka, Lance Wyman, aikin yi wa tashoshi alama. Chapultepec fara ce, Candelaria agwagwa, Pantitlán tutoci biyu, tashar filin jirgi kuma jirgin sama. Wannan tanadi da aka yi wa talakan da bai je makaranta ba shi ne yake ceton baƙon da ba ya jin Sifaniyanci, domin sunayen tashoshi da dama daga harshen mutanen asali suke, harshe ba ya kama su, amma ido yana kama hoto. Abokin tafiyata, wani dattijo ma'aikacin noma ɗan Madawa, bai taɓa wahalar da kansa da sunaye ba. Yakan ce mini: «Malam, mu sauka a wajen fara, daga nan na san hanya.» Ƙa'ida ɗaya ce sai an riƙe: ba a rubuta gabas ko yamma, ana rubuta sunan tashar ƙarshe ta kowane ɓangare, don haka kafin ka sauka matakala ka san wace tasha ce a ƙarshen inda ka dosa. Mai jin Faransanci yana da sa'a, domin yawancin rubutun allunan yana iya cinkarsa.

Daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, da kuma daga 6 zuwa 8 na yamma, Metro ba wurin baƙo ba ne. Na tsaya a Pantitlán, inda layi huɗu suke haɗuwa, ina kallon ƴan sanda suna tare jama'a da shinge suna sakinsu kashi-kashi, kamar yadda ake shigar da garke mashaya. Idan jirgi ya tsaya, ba kai ne ke shiga ba, bayanka ne ke shigar da kai. Kowa ya juyo da jakarsa gaba ya rungume, waya ta koma aljihun gaba, kuma babu mai ɗaga murya. A gaban dandamali akwai shinge mai rubutu da ɗan sanda a tsaye: taragun farko na mata ne da yara ƴan ƙasa da shekara 12, namiji ba ya tsallakawa. Matan da ke tafiya daga gida su san da wannan, domin yana kawar da babbar damuwa. Idan rana ta ɗaga kuma sai jirgin ya zama kasuwa: mai sayar da cingam ya fita, mai wayar caji ya shigo, makaho ya biyo da lasifika rataye a ƙirji yana waƙa, kowa da kiransa da ya haddace. A tashar Pino Suárez, a tsakiyar hanyar canza layi, akwai wani ƙaramin ginin bauta na Aztek, mutanen asalin da suka kafa birnin, da aka tono lokacin haƙa ramin, aka bar shi a wurinsa, dubban mutane suna wuce shi ba su ko waiwaya.

Ba zan ɓoye cewa jirgin ya tsufa ba. A watan Mayun 2021 wata gada ta layi na 12 ta rufta da jirgi a kanta, mutum 26 suka rasu, kuma daga 2022 aka riƙa rufe sassan layi na 1 don sabunta shi. Yana da kyau a tambayi mai otal da safe ko akwai tashar da aka rufe.

Metrobús jajayen bas ne masu hanyarsu ta kansu a tsakiyar titi, da tashoshi masu ƙofa, a kan peso 6. An fara su a 2005 a kan Insurgentes, titin da ya ratsa birnin daga arewa zuwa kudu na kusan kilomita 29. Layi na 7, mai bas hawa biyu, yana bin Reforma, kuma wanda ya sami kujerar gaba a sama ya ga manyan gine-ginen garin da kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba. Akwai kuma Cablebús, ƙananan ɗakunan gilashi da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe, waɗanda aka buɗe a 2021 zamanin da Claudia Sheinbaum, wadda ta zama shugabar ƙasa a 2024, take mulkin birnin. Ba don masu yawon buɗe ido aka yi su ba, an yi su ne don talakawan da gidajensu suka hau duwatsu, inda mota ke shan wuya. Duk da haka, da peso 7 a layin Iztapalapa mai tsawon fiye da kilomita 10 na fahimci birnin fiye da yadda na fahimce shi a ko'ina: a ƙasa ga rufin siminti an yi musu zane mai launi, ga baƙaƙen tankunan ruwa a kan kowane gida, ga shanya da karnuka, kuma duk inda ido ya kai gidaje ne har gindin duwatsu. Ƙananan bas masu zaman kansu da suke kira pesero sun fi kowa shiga lungu, sai dai hanyarsu tana rubuce ne a kwali a gilashin gaba, da sunayen da sai ɗan gari, don haka baƙo ya bar su sai yana tare da wanda ya sani.

Taksin gari fari ne da ruwan hoda, yana da mita, amma mutanen garin da kansu sukan ce a kira mota ta Uber ko DiDi, ko a ɗauka a tashar taksi, musamman da dare. Hakan yana buƙatar layin waya na can, wanda ake samu a kantunan OXXO da ke kusan kowace kwana. A nan ne maganar adireshi take da muhimmanci. Sunan titi shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, domin titunan da ake kira Hidalgo ko Juárez ko Morelos ba su ƙirguwa a cikin gundumomi 16 na birnin. Dole ne a haɗa da sunan unguwa, wadda suke kira colonia, kuma gara a riƙe katin otal a aljihu.

Tsohon gari kuwa da ƙafa ake cinsa. Daga dandalin Zócalo, babbar majami'a da fadar gwamnati da kangon babban ɗakin bautar Aztek, wanda ma'aikatan lantarki suka ci karo da alamarsa a 1978, duk suna kallon juna. Mai tafiya zai lura daɓen titi ya tashi nan ya faɗa can, tsofaffin gine-gine sun karkace. Dalili shi ne an gina birnin a kan tafki: mutanen Aztek sun kafa shi a tsibiri a 1325, Sifaniyawa suka ci shi da yaƙi a 1521 suka yi ta janye ruwan, yanzu kuma ana zuƙo ruwan sha daga ƙarƙashinsa, ƙasar tana lotsawa kowace shekara. Wannan laka ce take ƙara wa girgizar ƙasa ƙarfi, kamar yadda aka gani a 1985 da 2017, duka biyun ranar 19 ga Satumba. Akwai lasifikoki a kan turakun titi da ke yin ƙara kafin girgiza ta iso, kuma idan aka ji su abin yi shi ne a bi mutane zuwa fili, a nisanci bango da wayoyin wuta. Yawancin gidajen tarihi, har da babban na Chapultepec, a rufe suke ranar Litinin, ranar Lahadi da safe kuma ana hana motoci bin Reforma a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa.

Mai yawo yini guda dole ya ci a hanya, kuma Musulmi sai ya buɗe ido, domin naman alade da kitsensa suna shiga abinci da yawa, har da waken da ake gani kamar babu komai a cikinsa. Naman da ake gasawa a tsaye a jikin ƙarfe mai juyawa, wanda ya yi kama da shawarma, na alade ne. Kifi, da ƙwai, da masara gasasshiya, da ƴaƴan itace sun wadata. Ba a shan ruwan famfo, amma zoɓo da ruwan tsamiya suna ko'ina, kuma wani ɓangare na zoɓon daga Najeriya ake kai musu shi. Musulmi kaɗan ne ƙwarai, ba a jin kiran salla, sai mutum ya dogara da wayarsa don lokaci da alƙibla. Ana sallar Juma'a a unguwar Anzures kusa da Polanco, kuma mai son ya same ta ya fita da wuri.

Don fita wajen gari akwai manyan tashoshin mota huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kowace kuma tana da tashar Metro a bakinta, sai mutum ya je wadda take fuskantar inda ya nufa. Mai son ganin tsofaffin gine-ginen dala na Teotihuacán, kimanin kilomita 50 arewa maso gabas, ya bi layi na 5 ya sauka a Autobuses del Norte, ya sayi tikitin zuwa da dawowa a kanti, tafiyar kusan awa ɗaya ce idan hanya ta yi kyau. Wurin fili ne fetal babu inuwa, kuma ranar tudu tana ƙuna ko da iska tana da sanyi, don haka a ɗauki hula da ruwa. Mai son kudu kuma ya bi layi na 2 har ƙarshensa a Tasqueña, ya hau ƙaramin jirgin da ke wucewa ta filin ƙwallon Azteca, inda aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 1970 da 1986, ya sauka a Xochimilco, wurin da ragowar tafkin yake, ana tuƙa kwale-kwale da gora a tsakanin gonaki. Kuɗin kwale-kwalen na awa ne kuma na jirgin gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba, farashin hukuma yana rubuce a allo a bakin ruwa, kuma a kansa ake tsayawa da mai jirgi kafin a sa ƙafa.